Ƙulli a Wayar Caja

Litinin, 2 ga Satumba, bayan azahar

Kwamfutar ta kamu da ciwo uku a mako guda, shi ya sa na ɗauko wannan littafin zan riƙa rubuta alamominta, kamar yadda na yi wa shanun jama'a shekara talatin da huɗu ina malamin dabbobi. Dabba ba ta gaya maka inda ke mata ciwo. Zama za ka yi ka kalle ta, ka rubuta, gobe ka sake kallo.

Na farko, madannai. Guda biyar na gefen hagu sun ƙi motsi, wasu kuma ka taɓa sau ɗaya su zubo maka harafi goma. Na biyu, ɗan faifan nan na ƙasa da ake shafawa da yatsa. Kibiyar allo tana zuwa inda ban aike ta ba. Na uku, sifika. Goggo Hajja tana magana kamar daga ƙasan rijiya.

Goggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta raine ni. A 1989 na ɗauki muryarta a kaset a Sunkani, tatsuniya arba'in da ɗaya, duk da Fulatanci. Nasiba, autata, ita ta juye su cikin kwamfutar nan da ta gama jami'a da ita, ta bar mini. Ina sauraro ina rubutawa da Hausa, domin jikokina ko ruwa ba za su iya roƙa da yaren kakanninsu ba. Na gama talatin da bakwai. Ina tsakiyar ta talatin da takwas, ta maraƙin da ya ƙi ƙetare kogi, abin ya tsaya.

Nasiba ta ce za ta zo ran ashirin ga wata ta tafi da ni Abuja, in zauna wajenta, saboda abin da ya faru a masallaci ranar Juma'a. Babu abin da ya faru ranar Juma'a. Ba inda za ni.

Talata, 3 ga Satumba, hantsi

Nehemiya ya shigo, maƙwabcina a nan unguwar Mayo Gwoi shekara ashirin da shida, tsohon mai buga takardu a sakatariya. Ya same ni na kifa kwamfutar a kan tabarma ina bubbuga bayanta.

"Likitan shanu, haihuwa za ta yi?"

"Akawu, in ba taimako ka kawo ba, ƙofar da ka shigo tana nan."

Ya koma gida ya ɗauko ɗan burushin da yake share tafiretarsa da shi tun zamanin soja. Muka bi madannan layi-layi. Abin da ya fito: ɓawon gyaɗa, ƙwayar gero biyu, da tururuwa matattu masu yawa. Ya ɗaga guda a bakin burushi ya ce tururuwa ba ta zuwa inda babu zaƙi. Na ce wataƙila tatsuniyoyin suka biyo. Ya shinshina madannan hagu ya ce zuma yake ji.

To, shayi ya zube a kai makon jiya. Kofin ne ya zame. Kofunan yanzu ba su da mariƙin kirki.

Bayan shara, biyu cikin biyar sun farfaɗo. Sauran ukun suna nan a kafe.

Laraba, 4 ga Satumba, la'asar

Kibiya ta goge mini sakin layi guda ta tsaya a kusurwa tana kallona.

Alhamis, 5 ga Satumba, bayan la'asar

Na hau keke na kai ta wajen Judith, mai shagon gyara a bayan Kasuwar Jalingo. Mace ce da ta kai arba'in, ba ta da yawan magana, kuma tana wanke hannu kafin ta taɓa injin mutum. Wannan kaɗai ya sa na yarda da ita.

Ta ɗora kwamfutar a tebur ta dafa kusurwa ɗaya, sai ta yi rawa kamar kujera mai gajeriyar ƙafa. Ta runtse ido ɗaya ta hango faifan yatsa daga gefe, ta ce ya taso. Batir ne ya kumbura a ciki yake turo shi daga ƙasa. Na ce kumburin ciki ke nan, mu a shanu huda shi muke yi iska ta fita. Ta ce in na huda wannan, ni da gidan za mu tafi tare.

Sai ta jawo cajar daga jaka ta tsaya.

"Baba, wane ne ya ɗaure wayan nan?"

Na yi mata bayani. A gidanmu ba a tatsuniya da rana. In dole ta kama, sai ka ƙulla wani abu kafin ka fara, kuma ba ka kwancewa sai tatsuniyar ta kai ƙarshe. Wanda ya bar ta a buɗe ya yi tafiya, hanya za ta ɓace masa. Goggo bakin zanenta take ƙullawa. Ni da rana nake aiki, wayar caja ce mafi kusa da hannuna. Sau talatin da bakwai na ƙulla na kwance. Wannan na talatin da takwas ne.

Ta ce wayar ta kusa karyewa daga ciki, a bari ta kwance. Na ce ta gyara abin da na kawo mata, ƙullin ba ciwo ba ne. Ta naɗe gefensa da baƙin salatif ta bar shi yadda yake.

Ta kuma ce, da girmamawa, injin ya shekara goma sha uku, yaran Baba ba za su sayo sabo ba? Na ce sun yi tayi. Na ce ni ban taɓa sa a yanka saniya don ta tsufa ba, in dai tana ci tana tashi.

Juma'a, 6 ga Satumba, bayan sallah

Masallacin unguwa na je, sahun baya, jikin bango. Mutum huɗu sun tambaye ni jiki. Wanda ya kawo mini takalmina na hagu gida makon jiya har ya so ya riƙe mini hannu a matakala. Na gode masa, na sa hannun a aljihu.

Asabar, 7 ga Satumba, da safe

Nasiba ta kira. Wayar ma muryarta ta yi ƙasa kwanan nan, sai na juya ta kunnen hagu.

"Baaba, na gyara maka ɗakin ƙasa, babu hawa bene."

"Ki sa baƙi a ciki."

"Likitan ya ce a kawo ka ya gani da idonsa."

"Wane likita ya san ni a Abuja?"

Ta ce tatsuniyoyin ai ana iya ƙarasa su a can, za ta ba wani ya buga. Wani. Wanda bai san inda Goggo take yin shiru don yara su matso ba, zai ɗauka kaset ne ya tsinke. Na ce mata kwamfuta tana asibiti, in ta fito za mu ƙarasa aikinmu ni da ita a nan gindin mangwaro. Ta ce "to" irin na uwarta, Allah ya jiƙanta. Wannan "to" na san shi, ba yarda ba ce.

Talata, 10 ga Satumba, azahar

An sallamo ta. Judith ta nuna mini batirin da ta cire, ya yi tozo kamar burodi. Irinsa ba ya samuwa a nan, don haka daga yau sai da wuta za ta yi aiki, in an ɗauke ta mutu nan take. Faifan yatsa ya koma ya kwanta daidai. Madannai uku zuma ta cinye su har ƙasa, ta haɗa mini wani kibod na waje mai waya, babba, irin na ofis. Sifikar dama takardarta ta yage, ta ciro wata daga gawar wata kwamfuta ta dasa.

Ta kunna Goggo a shagon don gwaji. Na ce ta ƙara. Ta ƙara. Na ce ta ƙara. Mai sayar da katifa na kusa ya leƙo. Judith ta ce, "Baba, ya kai ƙarshe," ta rage, ba ta kalle ni ba.

Hayaniyar kasuwa ce. A gida za a ji.

Laraba, 11 ga Satumba, hantsi

A gida ma daga rijiya take magana. Kibiya tana nan tana rawa, sai dai yanzu ba ta tsalle, karkarwa take yi a wuri ɗaya. Sabon kibod shi ma yana ninka haruffa. Ko dai yarinyar nan ba ta iya aiki ba, ko ciwon ya bi waya ya kama sabon.

Biron nan ma ba shi da kyau. Dubi yadda layin yake hawa yana sauka.

Alhamis, 12 ga Satumba, la'asar

Awa uku na yi a kan layi tara. Maraƙi ya iso bakin kogi, garke duk ya ƙetare, makiyayi ya ja shi da igiya ya ƙi, ya doke shi ya ƙi. Aka ɗauke wuta. Layi taran suka tafi.

Na zauna ina kallon baƙin allo, na ga wani tsoho a ciki yana kallona. Ban gaishe shi ba.

Asabar, 14 ga Satumba, bayan azahar

Zan rubuta wannan yadda ya faru, tunda littafin alamomi ne.

An kawo wuta da hantsi. Na kunna Goggo na kai ƙarshen ƙara, na kara kunne a jikin sifika. Ina cikin haka sai ga Nehemiya a kaina, ban ji sallamarsa ba. Ya ce tun daga bayan katangarsa yake jin tsohuwar nan, har matarsa ta tambaya ko biki ake yi a gidan Fulani. Na ce ƙarya yake. Sai ya kwaikwayi tarin da Goggo take yi kafin ta fara, sau biyu, na biyun ya fi tsawo. Bai taɓa ganinta ba a duniya.

Akwai abin da nake koya wa yaran da aka turo mini horo a ofis. In ka yi wa garke magani, ka canza musu ruwa, ka canza makiyaya, ciwon bai tafi ba, saura abu ɗaya ka canza: mai kiwon. Ka ba wani sandar kwana biyu ka gani. Sau da yawa a nan ake kama zancen. Na sha faɗar haka a gaban Arɗo ban ji kunya ba.

Na tashi daga kujerar na ce, "Akawu, zauna. Kai kibiyar nan kan hoton jaka."

Ya sa yatsa ɗaya. Ta tafi sumul ta tsaya. Na ce ya buga sunansa. Ya buga, harafi takwas, babu ƙari. Na ce ya sake. Ya sake.

Bai yi mini tsiya ba. Shekara ashirin da shida bai taɓa barin dama irin wannan ta wuce ba. Ya tashi ya ce wai ya bar ruwa a wuta.

Lahadi, 15 ga Satumba, da safe

Ba a rubuta sakamako daga gwaji ɗaya.

Litinin, 16 ga Satumba, la'asar

Ruwa tun safe. Ban kunna ta ba. Na gwada ɗaura maɓallin wuyan riga, na fasa, ai ba fita zan yi ba. Saura kwana huɗu.

Talata, 17 ga Satumba, azahar

Na koma wajen Judith da niyyar faɗa. Na ce aikinta bai yi ba. Ta saurare ni har na gama, ta jawo kujera ta ce in buga mata layi ɗaya tana gani. Na buga. Ta kalli hannun, ta kalli allo.

"Baba, injin yana lafiya."

"Ban tambaye ki lafiyar kowa ba."

"To. Amma akwai abin da zan iya gaya masa."

Ta shiga wani wuri a ciki ta sa kibod ya daina kula taɓawa ta biyu in ta zo da sauri. Ta kashe faifan yatsa gaba ɗaya, ta ba ni maus mai nauyi wanda tafin hannu yake kwanciya a kai, ta rage wa kibiya gudu, ta ƙara mata girma har ta kai ƙwayar dabino. Ta ɗauko abin sauraro mai rufe kunne, ta karkatar da duk sautin zuwa hagu. Ta ce babanta a Kona haka ta yi masa, ya ƙara shekara uku yana rubuta wa coci takardu.

Na ce wato ita ma ta san a canza wa dabba turke in ƙafa ta ƙi. Ta ce ita ba ta san shanu ba. Da zan fita ta ce, "Baba, wannan na injin ne na yi. Ɗayan ba a shagona ake yi ba."

Yarinyar ta iya aiki. Na janye abin da na rubuta ran Laraba.

Laraba, 18 ga Satumba, bayan la'asar

Layi goma sha huɗu, kuma na adana kowane ɗaya kafin wuta ta yi halinta. Da wannan tafiyar zan gama ta arba'in da ɗaya bayan babbar sallah ta baɗi.

Amma ga wata alama da ban rubuta ba. Da abin sauraron a kunne ina jin Goggo rabi-rabi, kalma ta zo kalma ta nutse. Sai na lura bakina yana riga ta. Kafin ta ce 'yar makiyayi ta dawo daga tsallake, na riga na faɗa. Inda kaset ya yi shuu, ni ban tsaya ba. Tun ina shekara shida nake jin tatsuniyar nan a kan cinyarta, ƙafata tana wasa da ƙullin zanenta. Shekara biyu ina kara kunne a jikin inji ina roƙon abin da yake cikin kaina.

Nehemiya ya leƙo ta katanga ya ce in ina so ya buga mini, yatsunsa ba su manta ba. Na ce Fulatancinsa bai wuce na sayen nono ba. Ya ce ai da Hausa zan faɗa. Na ce zan duba.

Juma'a, 20 ga Satumba, bayan la'asar

Ta iso. Ta zo da akwati babba wanda babu komai a ciki. Na ga yadda ta ɗauke shi da yatsa biyu.

Asabar, 21 ga Satumba, la'asar sakaliya

Da safe ta fara ninke rigunana. Na bar ta ta ninke. Na fitar da tebur gindin mangwaro, na jawo waya ta taga, na kunna kwamfuta. Ta fito ta ga kibod na waje, da maus, da kibiya mai girman dabino. Ta ga kofin da nake sha da shi yanzu, na roba mai murfi. Cajar ta ɗaga.

"Baaba, wannan tun yaushe?"

"Tun ranar Alhamis ɗin da ta gabaci Juma'ar da kuke magana."

"Wacce ce?"

"Maraƙi."

Na ce mata ba zan bar garin nan da tatsuniya a buɗe ba, ko da motar sojoji ta zo. Na shirya jin cewa wannan camfi ne, mai digiri biyu ce. Sai ta ja kujerar ta zauna gaban kibod, ta kama bakin mayafinta ta ƙulla, ba ta ko duba ba, kamar jiya ta bari. Tana da shekara biyar Goggo ta rasu. Ban san ta riƙe ba.

"Faɗa, ina bugawa. Amma a hankali, Baaba, ni ba Baba Nehemiya ba ce."

Daga bayan katanga aka ce, "Gaya masa dai."

Ban kunna Goggo ba. Na yi tarin sau biyu na kama daga bakin kogi. Makiyayi ya gaji ya bi garkensa. 'Yarsa ta dawo daga tsallake, ba ta ɗauki igiya ba, ta zauna kusa da maraƙin ta tambaye shi me ya bari a wannan gaɓar. Inda Goggo take shiru na yi shiru, sai na ji kibod ya tsaya, Nasiba ta ɗago kai tana jira. Nehemiya ya zagayo da kujerarsa, wai inuwarmu ta fi tasa. Sau biyu aka ɗauke wuta, sau biyu muka jira, ba abin da ya ɓace domin ita kowane layi sai ta adana.

Muka kai ƙarshe kafin la'asar. Ta kwance mayafinta da ja ɗaya. Na ɗauki cajar.

Ƙullin ya kwana ashirin da uku, ga salatif ɗin Judith a gefe. Yatsun suka yi abin da suke yi. Na ga hannunta ya taso daga kan tebur, ya tsaya, ya koma. Nehemiya ya ɗaga kai yana ƙirga mangwaron da babu a watan Satumba. Ban san minti nawa ba ne. Na kwance shi.

Sannan na ce mata hannun dama ne, tun azumin bara, kunnen kuma ya riga shi. Ta ce ta sani. Na ce na san ta sani, faɗa ne ban yi ba.

Lahadi, 22 ga Satumba, azahar

Mun yi ciniki. Zan je likitanta ya gan ni da idonsa, tunda idonsa yake so ya yi amfani da shi. Ta ce wata uku. Na ce mako biyu. Ta ce sai abin da likita ya ce. Na rage rigunan da ta ninke zuwa biyar. Kwamfuta ba za ta je ba, ba ta son tafiya, kuma Nehemiya zai riƙa kunna ta ran Laraba don kada tururuwa su ɗauka gidan ya zama nasu.

Litinin, 23 ga Satumba, da sassafe

Mota ƙarfe takwas. Ƙarfe bakwai na ce ta zo ta buga mini layi kaɗan kafin direba ya iso. Ta zauna da jakarta a kafaɗa. Na ɗauki cajar na ƙulla, wannan bai ba ni wahala ba, ƙullawa ta fi kwancewa sauƙi. Na yi tari sau biyu, na fara ta talatin da tara, ta matar da ta ajiye ruwan sama a cikin ƙwarya. Da matar ta ɗaga faifan za ta leƙa, na yi shiru.

Ta jira. Ta ɗago kai.

"Sai me ya faru?"

"Adana. Direba yana ƙofa."

Ta kalli ƙullin, ta kalle ni. Ta ce, "Baaba, wannan zamba ce."

Na ce ita ta san abin da ke samun wanda ya bar ta a buɗe ya daɗe a hanya, kuma ita ta buga, da hannunta a ciki. Ta kashe kwamfutar, ta lulluɓe ta da zane, ta ajiye cajar a kai da ƙullinta. Ta kai wa Nehemiya makulli, na ji tana ce masa mako biyu, in ya yi yawa uku.

Littafin nan zai bi ni. Akwai dabbar da zan rubuta wa alamomi a can.